Kantin magungunan bisashe da ba ya sayarwa sai ya duba: bitar aikin wani likitan dabbobi a Tahoua

A birnin Tahoua ba a rasa inda za a sayi maganin bisashe. Ranar kasuwa za ka tarar da masu tebur da masu baza buhu a ƙasa, ga manyan ƙwayoyi kore da fari an zube su cikin rana, ga kwalaben allura waɗanda rubutun jikinsu ya koɗe, kuma mai saye ba ya buƙatar wani dogon bayani, da zarar ya ce tunkiyarsa tana rama sai a miƙo masa abin da ya yi daidai da kuɗin hannunsa. Kantin da nake son yin bitarsa a nan ya saɓa wa wannan al'ada, domin likitan dabbobin da ke riƙe da shi ba ya son sayar da maganin tsutsar ciki sai ya ga dabbar ko ya duba kashinta, kuma ba ya dandaƙar bunsuru ko maraƙi sai ya kawo maganar maganin zafi. Waɗannan abubuwa biyu su ne suka sa nake kai masa ragunan da nake turkewa, su ne kuma suke sa wasu makiyaya su fita da fushi su koma wajen masu tebur. A ganina yana da gaskiya a mafi yawan abin da yake yi, amma akwai wuraren da aikin bai cika ba, kuma zan faɗe su.

Wurin ba shi da girma. Ɗaki biyu ne da ɗan fili a baya inda aka kafa turaku, a kan hanyar da ke zuwa kasuwar bisashe. A ɗakin gaba akwai kanta da firji mai aiki da hasken rana, inda ake ajiye alluran rigakafi, har da waɗanda ake haɗawa a LABOCEL, babban ɗakin binciken lafiyar bisashe na ƙasa da ke Yamai. Sauran magunguna suna cikin kabad mai ƙofa, nesa da taga, abin da yake da muhimmanci a garin da zafin watan Afrilu da Mayu yake wuce digiri 40, alhali galibin kwalaben an rubuta a jikinsu kada a ajiye su inda zafi ya wuce digiri 30. Mataimakin likita yana da ɗabi'ar juya kwalba ya nuna maka ranar da maganin zai lalace kafin ya sa maka a leda, ko ka tambaya ko ba ka tambaya ba. A bango an rataye takardar shaidar likitan daga makarantar likitocin dabbobi ta Dakar, wadda aka kafa a 1968 kuma Nijar tana cikin ƙasashen da suka mallake ta. Ɗakin ciki shi ne ya bambanta wurin da sauran kantuna, domin a nan ne madubin duba ƙwayoyin cuta yake.

Binciken kashi shi ne tushen aikin. Ana so a kawo kashin da safe, sabo, wanda bai daɗe a ƙasa ba, na kowace dabba a ƙulle daban. Mataimakin yakan auna giram 2, ya dama shi a cikin mililita 28 na ruwan gishiri mai kauri, ya tace da rariyar shayi, sannan ya ɗiga ruwan a cikin wani ɗan faifan gilashi mai ɗaki biyu da aka zana wa layuka. Kaurin gishirin yana sa ƙwayayen tsutsa su taso sama su tsaya ƙarƙashin layukan, sai a bi layi-layi ana ƙirgawa, abin da aka samu a ɗakunan biyu a ninka shi sau 50, wannan shi ne yawan ƙwai a kowane giram na kashi. Likita yakan bar mai dabba ya leƙa da idonsa, kuma na ga yadda hakan yake kashe gardama fiye da kowane irin bayani. Abin da ake gani ƙwai ne mai ɗan tsawo da siririn ɓawo, cikinsa da dunƙule-dunƙule masu duhu, a wasu faifan sai ka lalubo ɗaya da ƙyar, a wasu kuwa ko'ina ka juya sun cika fili. Wannan dabara ba sabuwa ba ce. Masu bincike biyu, Gordon da Whitlock, su ne suka bayyana ta a 1939 a ɗakin binciken McMaster da ke Sidni ta Ostareliya, ƙasar da arzikinta ya rataya a kan tumaki a lokacin. Jami'o'i suna auna tasirin mai bincike da yawan malaman da suka ambaci aikinsa a nasu rubuce-rubucen, kuma wannan ma'auni yana da amfaninsa, amma ba ya ƙirga matashin da ke zaune a Tahoua da rariyar shayi a hannu yana bin hanyar mutanen da bai taɓa jin sunansu ba.

Na yaba wa likitan da ba ya ɗaukar lambar da ta fito a matsayin hukuncin ƙarshe. Shi da kansa yakan ce ƙwayayen tsutsotsi da yawa kamanninsu ɗaya ne a madubi, don haka ƙirga ba ta faɗin wace iri ce ta fi yawa. Yakan kuma ja kunne cewa a tsakiyar rani ana iya samun ƙwai kaɗan ƙwarai alhali dabbar ba ta rabu da tsutsa ba, domin ƙananan tsutsotsin sukan lafe a cikin bangon tumbi su daina girma har sai damina ta kusa, sannan su farka gaba ɗaya. Wannan ne ya sa wasu tumaki suke faɗuwa a farkon damina, daidai lokacin da mai su yake murnar ciyawa ta fito.

Tsutsar da ta fi damun tumaki da awaki a ƙasarmu ita ce wadda masana suke kira Haemonchus contortus. Tana zama a sashe na huɗu na tumbi, tsawonta bai fi santimita 3 ba, kuma macen idan ka dube ta da kyau kamar zaren ja da fari ne da aka murɗe tare, jan shi ne hanjinta cike da jinin dabba. Mace guda tana iya zubar da ƙwai dubu 5 zuwa dubu 10 a rana, kowace tsutsa tana shan abin da ya kai mililita 0.05 na jini a wuni, ke nan tunkiyar da ke ɗauke da tsutsa dubu tana asarar mililita 50 kullum. Daga haɗiyar ƴar tsutsa a jikin ciyawa zuwa fara zubar da nata ƙwai makonni uku ne kacal. Abin da yake ruɗin masu kiwo shi ne ba lalle ta sa zawo ba. Dabbar tana ci, kashinta lafiya lau, amma tana baya a garke, ƙarƙashin haɓarta yana kumbura da ruwa, cikin idonta yana yin fari.

A nan ne katin duba ido yake shigowa, kuma shi ne abin da ya fi jawo cacar baki a kantin. Ɗan kati ne mai hoton ido kala biyar, daga ja sosai zuwa fari fat, ana janye fatar ido ta ƙasa a kara katin a gefe a cikin hasken rana. Ta ɗaya da ta biyu ba a ba su magani, ta huɗu da ta biyar ana ba su nan take, ta uku kuma a duba halinta, ko tana da ciki, ko tana shayarwa, ko ƙarama ce. Katin ana ce masa FAMACHA, an fito da shi a Afirka ta Kudu a shekarun 1990, aikin Dokta Faffa Malan ne tare da Jan van Wyk da Gareth Bath. Na taɓa kasancewa a wurin lokacin da wani dattijo ya zo da tumakinsa cike da bayan mota. Ya ce, “Likita, ni dai ka ba ni na garke duka, ba ni da lokacin buɗe idon kowace tunkiya.” Likita ya ce, “Alhaji, in na ba ka na garke duka ni ne da riba, amma baɗi war haka za ka dawo ka ce mini maganin nan ba ya ci. Ka yi haƙuri a sauko da su, yaro zai riƙe, ni zan duba.” Dattijon ya yarda a kan dole, aka duba, waɗanda suka buƙaci magani ba su kai rabi ba. Bai nuna ya ji daɗi ba, domin a wajensa dabbar da ba a ɗura wa komai ba kamar an yi mata rowa ne.

Hujjar likitan tana da ƙarfi, ko da yake tana da wuyar shiga kai a karon farko. A kowane garke dabbobi kaɗan ne suke ɗauke da mafi yawan tsutsar. Idan aka ba kowa magani, tsutsotsin da za su tsira su ne masu jure maganin kaɗai, su ne za su cika makiyaya da ƙwai, kuma ƴaƴansu za su gaji juriyar. Idan kuwa aka bar masu ƙarfi ba a ba su ba, tsutsotsin cikinsu da magani yake iya kashewa za su ci gaba da haihuwa suna cakuɗa da masu juriya, sai maganin ya daɗe yana aiki. Van Wyk ya yi fice wajen kare wannan ra'ayi, kuma ba daga zaune ya tsinto shi ba. Maganin tsutsa na thiabendazole ya fito a 1961, cikin ƴan shekaru aka fara samun tsutsar da ba ta jinsa, kuma kafin ƙarshen shekarun 1980 an ga irin haka da ivermectin a gonakin tumakin Afirka ta Kudu. Wanda ya ga yadda ake sayar da ƙwayar albendazole a kasuwanninmu, ana ɓalla guda a raba wa awaki uku, ba ya buƙatar a gaya masa inda muka dosa.

Ivermectin shi ne maganin da aka fi tambaya a kantin, masu kiwo da yawa ma shi suke nufi idan sun ce “allura”. Ya cancanci wannan farin jini. Asalinsa wata ƙwayar halitta ce ta cikin ƙasa, Streptomyces avermitilis, wadda Satoshi Omura na cibiyar Kitasato a Tokyo ya ware daga ƙasar da aka ɗebo kusa da wani filin wasan golf a Japan, aka aika da ita kamfanin Merck a Amurka, inda William Campbell, ɗan asalin Ayaland kuma masanin tsutsotsin dabbobi, ya jagoranci gwajin da ya nuna ƙarfinta. An fara sayar da maganin domin dabbobi a 1981. Daga baya aka gano yana maganin makantar rafi a jikin mutane, kamfanin ya fara bayar da shi kyauta a 1987 da sunan Mectizan, kuma a 2015 Omura da Campbell suka raba kyautar Nobel ta fannin likitanci da Tu Youyou ta ƙasar Sin. A watan Janairun 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da cewa Nijar ta kawar da makantar rafi, ita ce ta farko a Afirka, bayan shekarun feshin kashe ƙudan da ke yaɗa cutar da kuma rabon wannan magani. Abin da aka fara nema domin shanu da tumaki ke nan.

Amma likitan kantin nan ya fi ɓata lokaci a kan abin da ivermectin ba ya yi, kuma a nan ne na fi ƙaruwa da shi. Yana kashe tsutsotsin tumbi da na hanji masu siffar zare, yana maganin ƙazuwa da ƙwarƙwata mai shan jini da tsutsar hancin tumaki, amma ba ya taɓa tsutsar hanta, ba ya kuma kashe farar tsutsa mai faɗi da ake gani gaɓa-gaɓa a kashin ƴan raguna. Ma'auninsa miligiram 0.2 ne ga kowane kilo, wato mililita 1 na irin da aka saba sayarwa ga kilo 50 na nauyi, don haka likita ba ya yarda da kintace, akwai sikeli a rataye a filin baya da buhu da aka yanke domin ɗora tumaki da awaki, shanu kuma a auna ƙirjinsu da tef. Ya kuma dage a kan maganar da masu turke ba sa son ji, wato makonnin da ya kamata a jira tsakanin allura da yanka, domin maganin yana daɗewa a cikin nama da kitse. Gab da Sallar Layya na ji yana ce wa wata mata mai rago guda, “Hajiya, in na yi masa allurar nan yau, ranar Salla ku da yaranku za ku ci ta. Ki ƙara masa harawa da dusa, idonsa ja ne, ba ya buƙatar komai.” Haka kuma ba ya sayar da shi domin saniyar da ake tatsa, kuma ba ya ba tunkiya albendazole a farkon ciki saboda yana iya lahanta ɗan tayi.

Ciwon hanta kuwa ya fi kama bisashen da suke sha a tafkuna masu daɗewa da ruwa irin na Tabalak, domin tsutsarsa, Fasciola gigantica, sai ta bi ta jikin ƙananan dodon koɗi na ruwa kafin ta manne a ciyawar bakin tafki. Mahauta sun san ta sarai, su ne suke yar da hantar da ta taurare. Ƙwanta yana da nauyi, ba ya tasowa da kyau a ruwan gishiri, sai an bi wata hanya ta barin kashin ya kwanta a ƙasan ruwa. Kantin yana yin wannan, amma sai ka nema, kuma mataimakin ba ya cika tambayar inda dabba take shan ruwa. Wanda ya sayo rago daga wajen tafki ya kamata ya faɗa da bakinsa.

Aiki na biyu, wato kula da zafin jikin dabba, shi ne wanda ban taɓa gani a wani kanti a garin nan ba. Dandaƙa ta gargajiya kowa ya san ta: a kayar da bunsuru, a ɗora jijiyar a kan itace, a buga har ta mutu, ya tashi yana tangaɗi, a ce gobe zai warware. A kantin nan ana amfani da matsen ƙarfe da ake kira Burdizzo, ƙirar Italiya, wanda yake murƙushe jijiyar ba tare da ya tsaga fata ba, don haka babu jini, babu ƙuda. Na tsaya a kan aikin da aka yi wa bunsurun maƙwabcina. Likita ya fara da allurar lidocaine, mai kashe wuri don kada a ji zafi, a wuyan marainan ta kowane gefe, ya duba agogo ya jira ƴan mintoci, ya tsunguli wurin ya ga bunsurun bai zabura ba, sannan ya lalubo jijiya ɗaya da yatsa ya tura ta gefe ya matse, ya koma ɗayar ya matse ta ƙasa kaɗan da inda ya yi na farko, domin kada sawun biyu su haɗu su tsare jinin da ke ciyar da fatar. Daga nan ya yi masa allurar meloxicam, wadda take rage zafi da kumburi bayan ta farko ta sake shi. Bunsurun ya yi kuka lokacin da aka kayar da shi, amma bai yi irin kururuwar da muka sani ba, kuma kafin magariba yana jan harawa. Wanda aka dandaƙa da itace yakan wuni biyu a tsaye da ƙusasshen baya, ƙafafun baya a buɗe, ba ya duban abinci, kuma kowane mai turke ya san abin da kwana biyu na rashin ci yake ragewa a jikin dabba.

Likitan ba ya kafa hujja da tausayi kaɗai, ko da yake yakan tuna wa mutane hadisin da ya yi umarni da wasa wuƙa da hutar da abin yanka. Akwai bincike mai yawa a bayan abin da yake yi. A shekarun 1990 Vince Molony da Joyce Kent na Jami'ar Edinbara sun auna zafin fiɗiyar ƴan raguna ta hanyar lura da birgima da shure-shure da yanayin tsayuwarsu, tare da auna sinadarin tashin hankali a jininsu, suka nuna cewa hanyoyin fiɗiya sun bambanta wajen azaba, kuma allurar kashe wuri tana rage ta ƙwarai. A shekarar 2000 masu bincike a Biristol suka ajiye wa kaji abinci iri biyu, ɗaya da maganin zafi a ciki ɗaya babu, sai guragun kajin suka fi lafiyayyun cin mai maganin, kuma tafiyarsu ta gyaru. A 2010 ɗakin binciken Jeffrey Mogil a Jami'ar McGill ta Kanada ya nuna cewa ana iya karanta zafi a fuskar ɓera, aka bi da na doki a 2014, sannan a 2016 Krista McLennan da abokan aikinta a Kambirij suka fito da na tumaki, inda suka yi aiki da masu ciwon kofato da masu ciwon hantsa. Wurare biyar ake dubawa: tsukewar ido, ɗaurewar kunci, yanayin kunne, leɓe da muƙamuƙi, da siffar hanci. Dalilin da ya sa ake buƙatar wannan duka shi ne tunkiya dabba ce da ake farauta, wadda ta nuna rauni ita kura take fara bi, saboda haka ɓoye ciwo yana cikin halittarta, shirunta ba shaidar lafiya ba ne. Likita ya manna waɗannan hotuna a bangon filin baya, kuma yara masu kiwo sun fi manya saurin gane su.

A nan ina da ƙorafi, ko da yake ba laifin kantin ba ne kacokan. Tumakin da ke cikin hotunan na Ingila ne, masu gajeren kunne a tsaye, alhali Balami da Uda kunnuwansu dogaye ne a zube tun haihuwa, Balami kuma ga gantsararren hanci. Wanda zai bi hoton kunne a kan ragon Balami zai ce kullum yana cikin ciwo. Likitan ya san haka, shi ya fi dogara ga ido da kunci da cizon haƙora, amma bai rubuta wannan a ƙarƙashin hotunan ba, kuma mataimakin ba ya faɗa. Aiki ne da ya dace wani ɗalibin jami'ar Tahoua ko ta Yamai ya ɗauka, ya ɗauki hotunan namu tumakin.

Wani abin da ya burge ni shi ne ya ƙi ajiye diclofenac na dabbobi, wani maganin zafi, duk da arharsa. Dalilinsa sananne ne ga masana. A Indiya da Pakistan da Nepal wasu nau'o'in ungulu sun ragu da fiye da kashi 95 cikin ɗari, kuma a 2004 binciken da Lindsay Oaks ya jagoranta ya gano cewa mushen shanun da aka yi wa wannan allura ne yake lalata musu ƙoda, ƙasashen uku suka hana amfani da shi ga dabbobi a 2006, aka koma meloxicam wanda gwaji ya nuna ba ya cutar da su. Duk wanda ya girma a Adar, wato yankin nan na Tahoua, ya san yadda ungulu ta yi ƙaranci a mahautanmu idan aka kwatanta da da, ko mene ne sanadin, bai kamata a ƙara mata wani ba.

Sauran kurakuran na tafiyar da wuri ne. Likita ɗaya ne, kuma shi ne ake kira ƙauye idan saniya ta kasa haihuwa, don haka ranar kasuwa kana iya zama tun hantsi har azahar, filin baya kuma babu rumfa, dabbar da aka kawo don ta samu sauƙi sai ta sha rana a turke. Idan ba ya nan mataimakin ba ya dandaƙa, wannan daidai ne, amma yakan sassauta ya sayar da maganin tsutsa ba tare da duba ba idan mai saye ya matsa, wanda hakan yake warware abin da maigidansa yake ƙullawa. Sakamakon bincike ana rubuta shi da Faransanci a ɗan guntun takarda, babu littafin da ake ajiye tarihin garken mutum, saboda haka idan ka yar da takardar ka yar da komai. Babu kuma mai jin Tamajak sosai a wurin, alhali makiyayan Abalak da Cintabaradan suna cikin masu zuwa da manyan garkuna. Abin da ya fi damuna shi ne maganin zafi zaɓi ne, ana ƙara kuɗinsa a kan na dandaƙa, kuma mafi yawan mutane da an faɗi ƙarin sai su ce a bar shi. Da ya haɗa kuɗin wuri ɗaya, ko da zai ɗan rage ribarsa, da ba a mayar da azabar dabba abin ciniki ba. Sannan akwai gwajin da yake tabbatar da ko magani ya ci, wato a sake duba kashi bayan kwana 10 zuwa 14, idan ƙwan bai ragu da kashi 95 cikin ɗari ba to akwai alamar juriya. Likita yakan ambata, amma ba ya rage kuɗin dubawa ta biyu, don haka kusan babu mai dawowa, shi kansa kuma ya rasa hanyar sanin wane magani ne ya fara gazawa a yankin.

Game da tsada, magungunansa sun fi na masu tebur kuɗi, babu musu, kuma dubawa ma da nata kuɗin. Ga mai rago ɗaya ko biyu bambancin ba ya da yawa, ga mai garke kuwa sau da yawa abin da ya biya na dubawa yana dawowa ta wajen dabbobin da ba a ba magani ba. Wanda bai dace da wurin ba shi ne mai gaggawa da ya riga ya yanke wa kansa abin da yake so. Wanda zai je, gara ya kauce wa ranar kasuwa, ya isa da sassafe kafin a kira likita ƙauye, ya ɗebi kashin dabbobin da suka fi rama da na masu ƙiba kaɗan domin a kwatanta, ya sa a inuwa kada ƙwan ya ƙyanƙyashe a hanya, kuma ya riƙo kwalba ko takardar duk maganin da ya riga ya ba su, domin ita ce tambayar farko da za a yi masa. Lokacin da ya fi dacewa shi ne makonnin farko na damina da kuma ƙarshenta, mai niyyar turken layya kuma ya kai ragonsa tun ranar da ya saye shi, yadda ko an yi allura kwanakin jira za su cika kafin Salla.